Ragowar da Ubangiji Ya Ɓoye a Mahaifa

Karatu: Markus 5:25-34, Ishaya 6:11-13, Yahaya 20:24-29

Ya mai karatu, ina roƙonka haƙuri tun daga farko, gama zan taɓa maganar da ba mu saba jin ta daga mumbari ba. Mu mutane ne masu kunya, kunya kuwa ado ce, ban zo in tuɓe wa kowa ita ba. Ko a taron zumuntar mata, inda babu namiji ko ɗaya, a kan rage murya in za a ambaci haila, a ce wance tana al'ada, a wuce da sauri. Amma Littafi Mai Tsarki bai kauce wa wannan magana ba. Musa ya ba ta wuri a cikin Shari'a, a sura ta 12 da ta 15 na Littafin Firistoci. Matiyu da Markus da Luka, su ukun duka, sun rubuta labarin mace mai zubar jini. Abin da Ruhu Mai Tsarki ya ga ya cancanci a rubuta, ya cancanci mu zauna mu yi tunani a kansa, da ladabi da tsoron Allah.

Bari in fara da abin da yake faruwa a jiki, domin da yawa daga cikinmu maza mun yi shekaru ashirin ko talatin da aure ba mu taɓa sani ba. Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta wuce girman dunƙulen hannunta ba. Bangonta tsoka ce mai kauri, daga ciki kuma an yi mata shimfiɗa mai laushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini da ramuka sirara masu fitar da ruwan abinci. A kan wannan shimfiɗa ce ɗan tayi yake sauka ya kafu, tun bai kai girman ƙwayar gero ba. Shimfiɗar hawa biyu ce. Hawa na sama shi ne mai kauri, shi ne ake shiryawa domin baƙo. Hawa na ƙasa siriri ne, yana manne da tsokar mahaifa, ba ya motsawa daga wurinsa.

Kowane wata jikin mace yana gyara wannan ɗaki kamar yadda uwargida take gyara ɗakin baƙo. Sinadarin da ake kira isturojin yana sa shimfiɗar ta yi kauri, daga milimita ɗaya ko biyu har ta kai kusan santimita guda. Bayan ƙwai ya fito, wani sinadari, furojestaron, yana sa ta yi laushi ta cika da abinci. In baƙon bai zo ba, furojestaron ya ragu, jijiyoyin da ke ciyar da hawa na sama su tsuke, hawan ya ruguje ya fita tare da jini. Haila ke nan. Abin da ya ba masana mamaki shi ne abin da ke biyo baya. Gyara ba ya jiran zubar ta ƙare. Tun jini bai tsaya ba, yayin da wani gefe yake rugujewa, wani gefen ya riga ya soma rufuwa da sabuwar fata. Cikin 'yan kwanaki raunin da ya mamaye cikin mahaifa duka ya warke, ba tare da tabo ba.

Ka tsaya a kan wannan kalma, tabo. Ka dubi hannunka. Wuƙar da ta yanke ka tun kana yaro ta bar maka shaida har yau. Ƙunar wuta, kaciya, tsagar gado a fuskar kakanninmu, ɗinkin likita, kowanne yana barin alama, domin haka fatar babban mutum take warkewa: tana toshe rami da wani nama mai tauri wanda ba irin na farko ba. Zuciyar da ta yi bugun da ya kashe wani sashenta, da tabo take cike gurbin. Amma shimfiɗar mahaifa tana rugujewa ta sāke ginuwa kusan sau 400 a tsawon shekarun haihuwar mace, ta dawo sabuwa fil kowane karo. Bayan haihuwa ma haka ne, ko da yake raunin ya fi girma nesa. Gurbin da mabiyiya ta rabu da bango yana ɗaukar kusan mako shida kafin ya rufu sarai. Ka lissafa mako shida, za ka ga ka iso kusa da kwana arba'in ɗin da iyayenmu mata suke ba mai jego, kusa kuma da kwana arba'in ɗin da Littafin Firistoci ya yanka wa wadda ta haifi ɗa namiji, waɗanda Maryamu ta cika kafin ta kai Yesu Haikali. Ba na cewa Musa yana koyar da ilimin likita a wurin, tun da ya ba wadda ta haifi 'ya mace kwana tamanin. Na dai lura da abin, na ga ya dace in nuna maka.

Daga ina sabuwar shimfiɗar take fitowa? Likitoci sun daɗe suna zaton amsar tana cikin hawa na ƙasa, wanda ba ya zubewa. A shekara ta 1978 wani masani mai suna Prianishnikov ya rubuta cewa lalle akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman a can, masu haifar da sauran. Zato ne kawai, babu wanda ya kama su. Sai a shekara ta 2004 wata masaniya, Caroline Gargett, tare da abokan aikinta biyu a Jami'ar Monash da ke birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, suka kawo shaida ta farko. Sun karɓi naman mahaifar da likitoci suka cire wa mata a tiyata, suka warware shimfiɗar har ƙwayoyin suka rabu ɗaya-ɗaya, suka baza su nesa da juna a cikin faranti mai ruwan abinci, kamar mai yafa iri a fili, suka jira kimanin mako biyu. Yawancin ƙwayoyin ba su yi kome ba. Amma nan da can wata ƙwaya guda ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, har ta tara gungu ita kaɗai. Da suka ƙirga, sai suka ga a cikin ƙwayoyin da ke yin fatar sama da ramukan nan, kusan biyu ne cikin dubu suke da wannan iko. A cikin ƙwayoyin naman da ke riƙe da su kuwa, kusan ɗaya cikin ɗari.

Waɗannan ne zan kira ƙwayoyin tushe. Yawancin ƙwayoyin jikinmu sun riga sun zaɓi sana'a, ba sa canzawa: ta jini aikin jini, ta tsoka aikin tsoka, in sun tsufa su mutu. Ƙwayar tushe ba ta riga ta zaɓa ba. In ta rabu biyu, ɗaya tana iya fita ta yi ta hayayyafa har 'ya'yanta su zama ma'aikata iri-iri, ɗayar kuwa ta zauna a gida yadda uwar take, domin gobe. Binciken da ya biyo baya ya nuna inda suke fakewa. Wasu suna can ƙasan ramukan, a hawan da ba ya zubewa. Wasu suna kwance a jikin ƙananan jijiyoyin jini, a hawa na ƙasa da na sama duka. Yawancin lokaci shiru suke, ba sa gaggawar rabuwa sai an bukace su. Ko bayan mace ta tsufa, haila ta yanke, shimfiɗar ta zama siririya kamar takarda, ba su ƙare ba: in aka ba ta isturojin shimfiɗar takan sāke yin kauri. Kada ka ɗauka da wannan na bayyana yadda Saratu ko Alisabatu suka haihu. Ƙwan tsohuwa ya riga ya ƙare, shimfiɗa kuwa ba ta yin jariri ita kaɗai. Abin da Allah ya yi musu mu'ujiza ce, tana nan a matsayinta.

Da na fahimci wannan, tunanina ya tafi wurin annabi Ishaya. A sura ta 6, bayan ya ga ɗaukakar Ubangiji ya miƙa kansa a aike shi, saƙon da aka ba shi mai ɗaci ne ƙwarai: birane za su zama kufai, za a kwashe mutane, ko kashi ɗaya cikin goma da ya saura za a sāke ƙone shi. Sai a aya ta ƙarshe aka nuna masa itacen da aka sare, kututturensa yana tsaye, aka ce a cikin wannan kututture iri mai tsarki yake. Annabin ya riƙe wannan koyarwa har ya sa wa ɗansa suna Sheyar-yashub, wato ragowa za ta komo. A sura ta 11 ya sāke komawa kanta, ya ga toho yana fitowa daga kututturen Yesse. Ayuba ma, yana cikin toka, ya yi kishin itace, domin in an sare shi yana da begen sāke tohuwa da zarar ya ji ƙanshin ruwa. Iliya ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage, Ubangiji ya sanar da shi akwai mutum dubu bakwai da bai san da su ba. Manzo Bulus ya ɗauko labarin a Romawa 11, ya ce har a zamaninsa akwai ragowa, bisa ga zaɓin alheri.

Manoman ƙasar Maraɗi sun ga wannan da idonsu. A shekara ta 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa itatuwan da rana da awaki suke kashewa, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kafin shuka rassa ne masu fitowa daga kututturen manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwoyinsu suna da rai a ƙarƙashin yashi. Aka koya wa manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su bari, su datse sauran. Sassaben zamani suka kira shi. Da wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar. Dajin yana nan tun dā, a inda ido ba ya kaiwa.

Ina ganin halin Allah ɗaya ne a cikin waɗannan duka, ko da yake ba zan ce madubin likita ya tabbatar da koyarwar annabi ba. Maganar Allah ba ta jiran shaidar ɗakin bincike. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi alkawarin ragowa ga Isra'ila shi ne ya tsara jikin mace, ba abin mamaki ba ne a gane hannunsa a wuri biyu. Ba ya hana zubewa. Yakan bar abin da aka yi wata guda ana ginawa ya tafi cikin kwana biyar. Amma yana ajiye kaɗan a ƙasa, biyu cikin dubu, marasa suna, masu shiru. Duk wanda ya yi hidima a ikkilisiyar da rikici ya watsa ya san irin waɗannan mutane. Sau da yawa ba su ne masu riƙe da makirufo ba. Wata gwauruwa ce da ta dawo garin kafin kowa, ta share ƙasan bishiya, ta tara jikokinta da 'ya'yan maƙwabta ran Lahadi. Wani tsoho ne da ya ɓoye littafin rajistar baftisma a cikin buhun masara. Sa'ad da majami'a take cike babu wanda ya ƙirga su. Mu masu shugabanci muna auna lafiyar ikkilisiya da kaurin hawa na sama, da yawan kujeru da nauyin baiko, alhali wanda zai sāke gina ta bayan zubewa yana zaune a bencin baya.

A makarantar tauhidi an koya mana cewa kalmar Ibrananci ta mahaifa ita ce rehem, kalmar jinƙai kuwa rahamim, saiwarsu ɗaya. Larabci ma haka yake, daga can muka aro kalmarmu ta rahama, wadda mu da maƙwabtanmu Musulmi muke faɗa kullum. A labarin mata biyu da suka kawo jariri gaban Sulemanu, a 1 Sarakuna 3, sa'ad da sarki ya ce a raba yaron da takobi, kalmar nan rahamim ce marubucin ya yi amfani da ita domin ya faɗi abin da ya motsa a cikin uwar gaskiya. Mutanen dā da suka nemi sunan da za su ba tausayin Allah, a jikin mace suka same shi. Ba su san ƙwayoyin tushe ba, amma sun zaɓi gaɓar da ta fi kowace iya karɓar rauni ta warke ba tare da ta taurare ba.

Yanzu zan juya ga 'yar'uwata wadda take karanta wannan da nauyi a zuciya, domin na san akwai ki. Kin ji ana yabon mahaifar da take sabuntawa, taki kuwa ta ƙi. Ba zan wuce ki ba, gama saboda ke ne na ɗauki alƙalami.

Hawa na ƙasa yana iya samun rauni. Bayan ɓari ko bayan haihuwa, in wani abu ya saura a ciki, a kan yi wa mace wankin ciki. Aiki ne mai ceton rai, mata da yawa suna raye yau saboda shi, kada wani ya ƙi shi in likita ya ce a yi. Amma a wannan lokaci bangon mahaifa yana da taushi ƙwarai, in aka kankare shi da ƙarfe fiye da kima, ko aka maimaita sau da yawa, ko ƙwayar cuta ta shiga, ana iya kwashe har da hawan da ƙwayoyin tushe suke. Tarin fuka ma, in ya sauka a mahaifa, yana yin irin wannan ɓarna. Daga nan mahaifa takan warke kamar sauran jiki, da tabo. Bangon gaba da na baya su manne da juna. Haila ta ragu ƙwarai ko ta ɗauke gaba ɗaya, wani lokaci da ciwon mara kowane wata ba tare da jini ba. Ciki ya ƙi shiga, ko ya shiga ya zube. Wani likita Bajamushe, Heinrich Fritsch, ya fara bayyana wannan a 1894, sa'an nan Joseph Asherman, likitan mata a Isra'ila, ya yi cikakken bayaninsa a 1948, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Saboda irin wannan haɗari ne Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara a bar kankara da ƙarfe, a yi amfani da na'urar tsotsa ko magani.

Ki lura da abin da wannan yake nufi. Akwai macen da take zaune shekara bakwai ba haihuwa, uwar miji tana yi mata habaici, dangi suna zuga mijin ya nemi wata a waje, wani mai gidan addu'a ya ce mata aljani ya aure ta ko kuwa akwai zunubin ƙuruciya da ba ta furta ba, ta yi azumi har jikinta ya rame, alhali abin da ya same ta rauni ne na nama, wanda ya faru a rana guda, a kan gadon asibiti ko a ɗakin wani da ba likita ba, sa'ad da take kukan ɗan da ta rasa. An ɗora mata laifi a kan makoki. Almajiran Yesu sun taɓa yin irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, wa ya yi zunubi, Ubangiji kuwa ya ƙi lissafin nasu gaba ɗaya. Ina jin tsoro a ranar shari'a za a tambayi ikkilisiya game da hawayen matan nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a cikin ma'aurata da yawa kuma matsalar daga wajen namiji take. Duk da haka mace ce kaɗai muke kira gaba a ɗora mata hannu.

Akwai wani ciwon da yake kishiyar wannan. Wani lokaci nama irin na shimfiɗar mahaifa yakan tsiro a inda ba wurinsa ba, a kan gidan ƙwai ko a bangon ciki, ya riƙa kumbura yana zubar da jini kowane wata ba tare da hanyar fita ba. Likitoci suna kiransa endometiriyosis, yana kama kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa, da ciwon mara mai tsanani wanda mu kan ce wa yarinya ta daure, haka mata suke. Masana da dama suna ganin ƙwayoyin tushen da suka bi jinin haila suka koma baya cikin ciki suna da hannu a wannan. Ikon tohuwa ɗin nan da muka yaba, in ya sauka a gonar da ba tasa ba, azaba yake zama. Ban ambaci wannan domin in rage darajar halitta ba. Bulus ya ce a Romawa 8 dukan halitta tana nishi kamar mai naƙuda, tana jiran fansa. Jikin mace yana ɗauke da shaidar hikimar Mahalicci da shaidar faɗuwar duniya a gaɓa ɗaya, mai wa'azin da ya faɗi rabi ya bar rabi bai yi wa masu jinsa adalci ba.

Ka komo tare da ni ga matar da ke cikin Markus 5. Shekara goma sha biyu tana zubar da jini. Bisa ga Littafin Firistoci 15, duk abin da ta zauna a kai da duk wanda ya taɓa shi ya ƙazantu. Ya kamata mu fahimci wannan ƙazanta daidai: ta sujada ce, ba ta ɗabi'a ba. Surar ta fara da ɗigar jikin maza kafin ta zo kan mata, haila ta wata-wata kuma ba a ce a miƙa hadaya dominta ba. Amma ga macen da jininta bai tsaya ba, kwana bakwai sun zama shekara goma sha biyu a waje da jama'a. Markus ya ce ta sha wuya a hannun masu magani da yawa, ta kashe duk abin da take da shi, ciwon sai ƙaruwa yake. Ta zo ta baya a ɓoye ta taɓa rigar Yesu. Bisa ga ka'ida, shi ne ya kamata ya ƙazantu. Sai abin ya gudana ta ɗaya gefen, iko ya fita daga gare shi ya shiga jikinta. Da ya so, da ya bar ta ta sulale ta tafi da lafiyarta. Ya tsaya, Yayirus yana jira a kan 'yarsa mai bakin mutuwa, ya sa matar ta faɗi labarinta duka a gaban taron, sa'an nan ya kira ta 'yarsa. Ya mayar mata da suna a gaban mutanen da suka yi shekaru suna kauce mata.

Ga wani abu da ya sa na yi murmushi. A shekara ta 2007 masu bincike suka ba da rahoton cewa a cikin jinin haila kansa akwai ƙwayoyin tushe masu rai, waɗanda ake iya tattarawa a raya su a ɗakin bincike. Jinin da al'ummai da yawa suka ɗauka abin ƙyama, yau ana nazarinsa domin neman magani. Wannan kuma yana sauƙaƙa wa lamirin mai bi, domin ƙwayoyin jikin babban mutum ne, ba a hallaka ɗan tayi kafin a same su, ba kamar irin waɗanda ikkilisiyoyi da yawa suka yi gardama a kansu ba. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen, a 2016, likitoci sun ba da rahoton gwajin da suka yi wa mata 16 masu ciwon Asherman ko shimfiɗar da ta ƙi yin kauri: sun ɗebi ƙwayoyin tushen da suka fito daga ɓargon kowace mace, suka zuba su cikin jijiyoyin mahaifarta. Shimfiɗar ta ƙara kauri a yawancinsu, haila ta dawo, wasu suka yi ciki har suka haihu. Abin godiya ne. Amma mata 16 kaɗan ne, aikin har yanzu gwaji ne, bai zama maganin da ake bayarwa a kowane asibiti ba.

Na faɗi haka da gangan, saboda 'yan kasuwa sun riga masana isowa garuruwanmu. Ka ga masu yawo da ƙananan fakiti na gari, suna cewa sitem sel ne, yana maganin rashin haihuwa da ciwon suga da hawan jini da kansa, a kan kuɗin da ya kai albashin wata. Wasu har a harabar majami'a suke tallarsa bayan sujada, da shaida da halleluya, suna kuma neman ka shigo da mutum biyu a ƙarƙashinka. Ƙwayar tushe abu ne mai rai, ba ta zama a cikin busasshen gari, abin da aka haɗiye kuma ciki yana narkar da shi kamar tuwo. Garin da aka yi da 'ya'yan itace ba zai raba bangon mahaifar da ya manne ba. Matar Markus 5 ta kashe dukiyarta a hannun irin waɗannan. Fasto ko dattijon da ya ba su mumbari, ko ya karɓi kaso, ya sani da tumakin da aka ba shi amana yake ciniki.

Wani zai tambaya, to, wadda tabonta ya ƙi magani fa? Akwai su. Wasu an yi musu aiki sau biyu, sau uku, bangon ya sāke mannewa. Ba ni da alkawarin jariri da zan ba ki, wanda kuma ya ba ki shi da sunan Allah ba tare da Allah ya aike shi ba, zai amsa. Abin da nake da shi yana cikin Yahaya 20. Jikin da ya fi kowane jiki sabuntuwa, wanda ya fito daga kabari ba zai ƙara mutuwa ba, da tabonsa ya fito. Wanda ya tsara shimfiɗar da take warkewa sau 400 ba alama, da ya ga dama da ya shafe gurbin ƙusoshi daga hannuwansa. Ya bar su, ya nuna wa almajiransa, ya ce wa Toma ya kawo yatsansa. Da su aka gane shi. Saboda haka ba zan iya cewa jikin da yake da tabo jiki ne da Allah ya juya wa baya ba. Ishaya 54 da 56 sun yi wa bakarariya da bābā alkawarin suna da wuri a gidan Allah tun kafin a san za a iya yi musu magani, ikkilisiyar da take karanta waɗannan surori kuwa ya kamata a ga haka a yadda take zaɓen shugabannin mata, da yadda take yin addu'a a ranar miƙa jarirai, sa'ad da wata take zaune tana tafa wa 'ya'yan wasu shekara ta goma.

Ke kuma da hailarki ta ragu ko ta ɗauke bayan wankin ciki, kada ki tsaya ga addu'a kaɗai, kada kuma ki bar addu'a. Ki nemi likitan mata a babban asibiti ko asibitin koyarwa. Ki faɗa masa watan da aka yi miki wankin, sau nawa aka yi, da yadda hailarki take kafin nan da bayan nan; in kina da takardun asibiti ki tafi da su. Akwai hoton da ake ɗauka bayan an zuba ruwa na musamman a mahaifa, akwai kuma siririn madubi da ake shigarwa a ga cikinta, da shi ne ake yanke mannewar, mata da yawa kuma sun sami haila da haihuwa bayan haka, musamman in tabon bai yi yawa ba. In kin taɓa yin tarin fuka ko kin zauna da mai shi, ki faɗa. Kai kuma ɗan'uwana, maigidanta, ka bar aikin ranar ka raka ta, ka zauna a ɗakin likita ka ji da kunnenka, domin ka iya amsa wa mahaifiyarka in ta sāke tayar da maganar. Ka ce a gwada ka kai ma. Gwajin namiji ya fi nata sauƙi da araha, ba ya kuma ɗaukar fiye da safiya ɗaya.